Shuɗiyar Shadda a Shagon Iliyasu Tela

Duk wanda ya shiga shagon Iliyasu Tela a bakin kasuwar Garwa, abin da idonsa zai fara sauka a kai wata babbar riga ce ta shuɗiyar shadda, rataye a bango cikin leda. An taya ta ya fi a ƙirga. Wani dillalin auduga daga Pitowa har fushi ya yi, ya ce me ake da tela mai ƙin sayar da ɗinki. Iliyasu amsarsa ɗaya ce, kuma ko kansa ba ya ɗagawa daga keke: "Tana da mai ita."

Kakannin Iliyasu fatake ne da suka gangaro daga ƙasar Kano da kanwa da goro, suka ga kogin Binuwai suka ce a nan za su sauke kaya. Mahaifinsa yadi ya sayar har ya bar duniya, ya kuma bar 'ya'ya maza biyu waɗanda ba su yi kama da juna ba ko a tari. Babban shi ne Hamidu, direban motar haya tsakanin Garwa da Poli, dogo, mai murya, mai kyauta, wanda in ya yi dariya a tasha ana ji daga bakin titi. Ƙaramin shi ne Iliyasu, wanda sai ka matso kusa kake jin sallamarsa. Keken ɗinkin da yake takawa har gobe Hamidu ne ya saya masa, ya ɗauko shi a ka tun daga tasha, ya dire a gabansa ya ce, "Ga gonarka nan, Iliya."

Iliyasu yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya iya ganin yagaggen tufa ya yi shiru. Kullum da allura soke a hularsa. Ka zo gaishe shi da aljihu a ɓarke, kafin ku gama gaisawa ya kama ya ɗinke, kana tsaye. Akwai wani mai taɓin hankali da ke yawo a kasuwa, shekara da shekaru Iliyasu ne ke yi masa wando, ya yaga, ya sake yi masa. Matarsa Hawa'u takan ce, "Malam, kai da za a bar ka, jakunan garin nan ma sai ka ɗinka musu taguwa." Shi kuwa sai ya ce ai ɗan Adam ba shi da abin da ya fi sutura. Kuma ba ta yadi kaɗai yake nufi ba. Abin da ya ji a shagonsa a nan yake mutuwa.

Shekarar da ɗansa Mahfuzu ya cika biyar, jandarmomi suka kama motar Hamidu da kayan 'yan fashi masu tare hanya. Ba ƙage aka yi masa ba, ya ɗauko musu kayan, kuma ba sau ɗaya ba. Aka yanke masa shekara goma sha takwas. Iliyasu ya yi abin da ya iya, wato ya rufe. A gida aka ce wa yara Baffa ya tafi kudu neman kuɗi. Manyan unguwa sun san gaskiya, amma ganin mutuncin tela sai kowa ya kama bakinsa.

Tun daga lokacin, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Iliyasu zai ɗauki kwanon tuwo da miyar yakuwa da kifi ya ɗaure a bayan kekensa na hawa, ya nufi gidan yarin da aka ajiye yayansa. Ya bi layi, a caccaka tuwon da cokali a bincika, sannan a kira Hamidu. Shi kuma ya fito da farar taguwa mai tsabta, ya wanke fuska, yana washe baki. "Ƙalau muke, Iliya. Ai nan hutu ne, ba fasinja ba faci." Iliyasu ya koma gida hankalinsa kwance, ya ce wa Hawa'u Yaya dai ya rame kaɗan amma da sauƙi. Haka suka yi shekara tara.

Mahfuzu kuwa ya tashi namiji tilo cikin mata huɗu, ga ƙwaƙwalwa ga rashin ji. Da ya kai sha huɗu sai makaranta ta fara ganinsa jefi-jefi, tashar 'yan moto, masu haya da babur, tana ganinsa kullum. Yau an ce madubin moton wani ya ɓace, gobe an ga sabuwar waya a hannunsa, ya ce ta aboki ce. Iliyasu ya yi faɗa irin nasa, wanda bai fi ƙarar keke ba. Hawa'u ta yi nata, wanda maƙwabta suka ji. Duk a banza. Tsoro ɗaya ne ya riƙe Iliyasu, ba ya kuma faɗa wa kowa: kada wata Juma'a ta zo ya ɗaura kwano biyu a bayan keke.

Ana cikin haka sai ga Madam Agnès, ma'aikaciyar wata ƙungiya mai kula da yara. Mace ce 'yar Kaélé, mai gilashi, mai Fulatanci kamar a Maruwa aka haife ta, Hausarta ma ba laifi. Ta tara iyaye a ƙofar gidan Jauro, wato mai unguwa, ta ce akwai wata dabara da ake yi a wasu ƙasashe: a kwashi yaran da suka fara karkacewa a kai su gidan yari yini guda, su ga wurin da idonsu, fursunoni su yi musu magana, tsoro ya shige su. Iliyasu, wanda bai taɓa buɗe baki a taro ba, shi ya fara ɗaga hannu. "Madam, gani ya kori ji. Ki rubuta nawa."

Sai da aka sa rana sannan ta karanta sunan wanda zai yi wa yaran jawabi. An zaɓi shugaban wani ɗaki, dattijo mai jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, tsohon direba. Hamidu.

Iliyasu ya koma shago da damuwa. Ba wai don Mahfuzu zai gane cewa kudun da aka ce Baffa ya tafi ƙarya ce ba, wannan ya san ranarsa za ta zo. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne yara goma sha biyu na unguwa, 'ya'yan abokansa, su zuba wa yayansa ido cikin 'yar taguwar nan ta fursuna. Mutumin da ya ɗauko masa keke a ka! Washegari ya shiga kasuwa ya yanko shadda mai kyau, shuɗiya, ya ture ɗinkin mutane gefe, ya yi kwana uku yana aiki. Awon Hamidu yana kansa, bai buƙaci igiya ba.

Hawa'u ta leƙo shagon ta ga aikin wuyan, ta riƙe haɓa. "Malam, wannan ta wane ango ce?"

"Ta Yaya ce. Baƙi zai yi."

"Baƙi? Ni na ɗauka tsoratar da su za a je yi."

"A tsoratar da su da magana mana. Sai an tozarta shi?"

Ta ce, "To, Allah Ya sa kada garin gyaran gira a rasa ido," ta koma gida.

Ana jibi za a je ya aika da rigar, da hula, da turare, da ganyen shayi da sukari da goro. Kuma kada a ɗora wa Iliyasu laifin shi kaɗai. Duk fursunan da ya ji 'ya'yan unguwarsu za su zo sai da ya aika gida a kawo masa tufa. Su da kansu suka share tsakar gidan, suka yayyafa ruwa, suka tura marasa lafiya can ciki, suka aro tabarmi. Ba wanda ya umarce su. A ƙasar nan ba a tarbar baƙo da dauɗa, ko da kuwa a kurkuku ne, kuma namiji ba ya nuna wa yaro wahalarsa.

Ranar ziyarar, yaran suka shiga jikinsu na ɓari, suna riƙe da hannun juna a ƙofar ƙarfe. Minti goma bai cika ba ɓarin ya tsaya. Hamidu ya fito cikin shadda tana ƙara, ƙamshi na tashi, mutane suna miƙewa suna ba shi hanya. Wani ya shimfiɗa masa tabarma, wani ya tsaya yana yi masa fifita, wani yana zuba shayi daga sama har ya yi kumfa. Ya yi magana, kuma wallahi gaskiya ya faɗa. Ya ce nan kabari ne na masu rai, ya ce kada wanda ya kuskura ya biyo sawunsa. Amma Iliyasu, wanda ya rako su, yana gefe yana kallon idanun yaran, ba bakin Hamidu suke kallo ba. Rigar suke kallo, da mai fifitar, da yadda ƙartai ke sunkuyar da kai in ya yi gyaran murya.

Da ya gama sai ya kafe yaro ɗaya da ido. "Kai, mai kunnen Iliya. Kai ne Mahfuzu? Zo ka gaida Baffanka."

A hanyar komawa Iliyasu yana jiran kuka, ko fushi, ko tambayar me ya sa aka yi masa ƙarya. Mahfuzu bai yi ko ɗaya ba. Fuskarsa sai sheƙi take, abokansa sun kewaye shi suna dafa kafaɗarsa. Kafin mako ya zagayo sunansa a tasha ya koma Ɗan Hamidu, manyan 'yan iska suna miƙa masa hannu.

Madam Agnès ba ta san da zancen rigar ba. Ta kai rukuni na biyu, ta kai na uku, kowane zuwa kuma shaddar nan ta fito. Amma mace ce mai bin diddigi. Bayan shekara ɗaya da rabi ta bi yaran gida-gida, waɗanda aka kai da waɗanda iyayensu suka hana. Ta zo shagon Iliyasu kawo ɗinki, ta zauna ta cire gilashi tana murza ido. Ta ce cikin talatin da shida da ta kai, bakwai sun riga sun kwana a hannun hukuma. Cikin waɗanda ba su je ba, adadinsu kusan daidai da na waɗanda suka je, uku ne kawai. "Malam Iliyasu, ban ce ziyarar ce ta lalata su ba, yaran ba su da yawan da zan rantse. Amma ban ga wanda ta gyara ba. Na rubuta wa shugabanninmu a dakatar." Iliyasu ya ce Allah Ya kyauta, ya ci gaba da taka keke. Bai gaya mata zancen rigar ba.

Ba a yi wata biyu ba aka kama Mahfuzu da rana tsaka kusa da gada, yana tura moton maƙwabcinsu Patrice, malamin asibiti. Mai ne ya ƙare masa. Patrice mutum ne mai kunya, kuma Iliyasu ne ya ɗinka masa kwat ɗin aurensa, don haka bai wuce komisariya wurin 'yan sanda ba, ya kawo maganar gaban Jauro. Ya ce wannan karon ya yafe don tela, amma in aka sake ba ruwansa. Jauro ya juya ga yaron yana yi masa faɗa, ya ce ko so yake a kai shi inda ya gani da idonsa? Mahfuzu ya ɗago kai, a gaban ubansa, a gaban dattawa, ya ce, "To in an kai ni sai me? Ai Baffana ne sarki a can."

Iliyasu ya ji maganar har ƙashinsa. Ya san wanda ya naɗa sarkin nan, da zare da allura.

Ranar Juma'a ya kai kwano. Hamidu ya fito da farar taguwarsa yana dariya, amma da ya ga fuskar ƙaninsa sai ya daina. Iliyasu ya kwashe komai ya faɗa masa, har maganar gaban Jauro. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, alfarma nake roƙo, kuma na san babba ce. Ina so in kawo shi ya gan ka ba riga. Ya gan ka kamar yadda ni nake ganin ka."

Hamidu ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kamar yadda kake gani na? Iliya, kai ɗin yaushe ka taɓa gani na?" Ya kama bakin taguwar da yatsu biyu. "Wannan ta mutum shida ce. Duk wanda aka kira ya sa, in ya dawo ya tuɓe wa na gaba. Ni Juma'a ce ranata." Ya ɗauki kwanon ya miƙe. "Ku zo Talata. Kada ka aiko, kada ka gaya wa kowa."

Talatar ta faɗo cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta ta yi laushi. Iliyasu ya ɗora wa Mahfuzu kwanon, suka tsaya a layi awa biyu cikin rana tare da tsofaffin mata. Yaron ya zo da sabon aski, yana ta leƙen ƙofa. Aka kira sunan Hamidu sau uku.

Wanda ya fito, Iliyasu bai gane shi ba sai da ya yi magana. Gajeren wando ne kawai a jikinsa. Haƙarƙarinsa a waje, ƙazuwa ta cinye masa baya da hammata har tana ruwa, ƙafafunsa sun kumbura, yana jan ɗaya. Ashe taguwar nan mai dogon hannu ba ƙaramin aiki take yi ba. Ba wanda ya miƙe masa, wani ma bangaje shi ya yi ya wuce. Warin da ya biyo shi daga ciki ya sa Mahfuzu ya ja da baya.

Iliyasu bai san lokacin da hannunsa ya kai wuyan rigarsa ba. Ya tuɓe ta zai yafa masa. Hamidu ya ɗaga hannu.

"Mayar da rigarka, Iliya. Ba don wannan kuka zo ba."

Ya karɓi kwanon daga hannun yaron, ya tsuguna ya juya bayansa ga bango, ya rungume shi da hannu ɗaya yana ci da ɗayan, da sauri, yana waige-waige. Bai ce bismillah ga kowa ba, mutumin da a da ba ya iya cin gyaɗa shi kaɗai a tasha. Sai da ya suɗe kwanon tas sannan ya ɗago.

"Mahfuzu, an ce ka ce ni sarki ne. To sarautar ita ce ni ke raba wurin kwanciya. Mu saba'in ne a ɗakin da aka yi wa mutum ashirin, da gefe ɗaya muke kwana, in za a juya sai na ce a juya. Wanda ya yi mini fifita rannan, kofin shayi aka ba shi lada. Uwarmu ta rasu ina nan, ban ga gawarta ba." Ya jawo wata baƙar leda da ya fito da ita a hammata, ya tura gabansa. "Ga rigar da ta ruɗe ka. Ubanka ne ya ɗinka, don kada in ji kunya. Sau uku na sa ta, sauran kwanakin matashin kai nake yi da ita don kada a sace. Ka kai masa ya rage ta daidai jikinka. Rigar waje ce, nan ba ta da aiki."

Ya miƙe da kyar, ya juya. Bai kalli Iliyasu ba, Iliyasu ma bai iya kallonsa ba. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka kama shi: shekara goma sha ɗaya yana zuwa wurin nan, yana komawa gida yana cewa da sauƙi.

Suka koma shago. Iliyasu ya zare rigar daga leda ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauko almakashi da alli, don umarnin yaya umarni ne. Ya ce, "Miƙe in auna ka." Mahfuzu bai miƙe ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan shaddar.

"Baba, kada ka yanka. Saura shekara nawa?"

"Bakwai."

"A ajiye masa. Da me zai fito?"

Yau shekara uku ke nan. Madam Agnès ta taɓa tambayar Iliyasu, bayan ya ba ta labarin duka, ko yana ganin ziyarar Talatar ce ta yi aiki. Ya ce shi bai sani ba. Ya ce akwai yaran da suka ga abin da ya fi haka kuma suna ciki yanzu, ya ce wataƙila don nasa ne, jininsa ne, ba wani baƙon fursuna ba. Ya ce kuma ba zai ba kowa shawara ya roƙi ɗan'uwansa abin da ya roƙa ba, don tun ranar Hamidu bai sake yi masa dariya ba.

Mahfuzu bai zama waliyyi ba. Makaranta dai ta tafi, bakinsa kuma yana nan da kaifi, jiya-jiya ma sai da Hawa'u ta bi shi da muciya. Amma akwai keke na biyu a shagon yanzu, a ƙarƙashin rigar, shi ke taka shi. Kwanon kuma ya koma sau biyu a mako, Juma'a da Talata, har da man ƙazuwa da Patrice ke bayarwa. Juma'a Iliyasu ke zuwa, Hamidu ya fito masa da farar taguwa, su gaisa kamar ba abin da ya faru. Talata Mahfuzu ke zuwa shi kaɗai. In ya dawo ubansa yakan tambaye shi, "Yaya jikin Baffan naka?" Shi kuma ya faɗa masa gaskiya.